Lakar da Aka Tura wa Masaƙi

Kai da ka ce sai ka ga bayan maƙwabcinka, zauna ka ji wannan tukuna. Wani manomi ne yake da gona a fadama, gefen kogi, gadon kaka da kakanni. Kowace damina ruwa kan yi ambaliya ya kwanta a kanta, in ya janye ya bar baƙar laka mai santsi, wadda ko tsinke ka soka sai ya tsiro. Shi kuwa bai taɓa ganin alherin lakar nan ba, kullum mita yake yi ta cika masa ƙafa. Sai wani tsohon masaƙi da ido ya fara gaza masa ya ajiye ƙoshiyar saƙa, ya zo ya kama wani fili kusa da shi, rairayi zalla, ko akuya ba ta tsayawa kiwo a wurin. Mutane suka riƙa yaba ƙoƙarin masaƙi, abin ya tsaya wa manomi a wuya. Yau shekara arba'in yana duƙe ba wanda ya ce masa sannu, sai mai zare ne manomi? Da bazara ta yi ya ɗauki shebur, ya tayar da tudun ƙasa ya kewaye gonarsa, ya kuma haƙa hanya ya karkata ruwan duka zuwa filin masaƙi, don ya nutsar da ɗan abin da ya shuka ya koma inda ya fito.

Ruwa ya zo, ya cinye geron masaƙi tas, manomi har da murmushi. Amma masaƙi bai tashi ba. Shekara ta biyu manomi ya ƙara tsawon tudu, bayansa na ciwo, yana zagin taurin kan tsoho. Ta uku ma haka. Abin da bai lura ba shi ne, duk lakar da kogi ya saba kawo masa daga nesa, can take sauka a kan rairayin nan, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Tasa gonar ta yi fari, ta tsattsage, albasarsa ta koma kamar goro. Ya zuba toka, ya zuba kashin shanu, ya ɗora laifi a kan iri, ya ɗora a kan mayu. Ran nan da hantsi yana tsaye yana harar ƙasa, sai ga masaƙi tafe da kwando a ka, cike da albasa kowace kamar dunƙulen hannu. Ya sauke a gabansa, ya ce, “Malam, na rasa da bakin da zan gode maka. Ƙasar da ya kamata ka ci, ka hana kanka ka ba ni.” Da zuciya ɗaya tsohon ya faɗa, wannan kuwa shi ya fi komai ƙona wa manomi rai. Ya rasa wanda zai zaga.

Shi ya sa Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce.