Mai Cukun Ranar Alhamis

"Shanu kika kawo ni in gani, Tjitske? Ni da na tatsi goma sha biyu kafin in fito?"

"Haba Mama, ki dai kalli taga mana."

Duk Alhamis Aaltje takan bar gona a hannun mijinta Wiebe, ta shiga birni rainon jikoki. Yau 'yarta Tjitske ta ce hutu za ta ba ta, ta cusa ta a motar masu yawon buɗe ido, suka tafi tare.

Mota ta karya kwana ta bi gefen wani rafi. Aaltje ta gyara tabarau, ta gane hanyar gonarta ce.

"Sannu da ƙoƙari. Har gida za a mai da ni?"

A ƙofar gidanta kuwa aka tsaya, kowa ya sauka. Ga Wiebe cikin takalmin katako, rungume da cukun da ta matse da hannunta.

Ɗan jagora ya sassauta murya. "Jama'a, duk Alhamis muke ziyartar bawan Allahn nan. Shekara tara da rasuwar matarsa, amma bai daina yin cuku yadda ta koya masa ba."

Wata baƙuwa ta share hawaye ta rungume shi. Wiebe ya sunkuyar da kai kamar gaske. Da ya ɗago, sai ga marigayiya a gabansa, rataye da jaka.

"Allah ya jiƙanta," in ji Aaltje. "Me ya kashe ta?"

Wiebe ya matso kusa da kunnenta.

"Aaltje, don girman Allah, ki ƙara minti goma a kabarin, har su hau mota."