Gandar da Surukin Delu Ya Tauna

Zaidu maƙwabcina na tsugunne yana kankare cikin tayar kekensa da cokali. Keken Libiya ne marar tub, wani farin ruwa ake ɗura wa tayar saboda ƙaya. Ruwan ya bushe, yana ɓallowa kamar fata. Ya tara a faifai, ya tafi aron famfon iska.

Ranar ce babansa ya zo daga Tajaye, zai fara cin girkin Delu, matar Zaidu. Ita ko ta sha alwashin miyar ganda.

Tsoho ya kai loma. Ya tauna, ya tauna, har gumi ya keto mashi. Ya ja, abu ya miƙe, ya dawo ya mare shi a leɓe.

"Ɗiyata, wanga sa da ƙafa ya zo daga Agadas?"

Delu ta fashe da kuka. "Wallahi Baba, gandar da na iske a faifai na dafa!"

Zaidu ya dafe kai.

Ni dai faifai biyu na tarar a tsakar gidansu, lokacin da na shiga ɗibar wuta. Wanda na fito da shi ƙarƙashin zane, tafasa ɗaya gandar cikinsa ta yi lugub.