Jaka Biyu a Tashar Galle

Ishani, 'yar birnin Kolkata mai yawon ƙasashe da jaka a baya, tana jiran jirgin ƙasa a garin Galle sai ta hango Thilina, wani saurayi ɗan garin, goye da sabuwar jaka. A masaukin baƙi na mahaifiyarsa zazzaɓin dengue ya kwantar da ita, shi ya riƙa ba ta ruwan kwakwa a baki har ta miƙe.

"Ina zuwa haka, kamar mai ƙaura?" ta ce, tana ƙaƙaro dariya.

"Duk inda kika nufa."

Ta kasa haɗa ido da shi. Ta san daɗin hanya, ta kuma san kwanan tasha da kukan da ba mai lallashi.

"Mama ta sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Thilina, tsohuwar nan kai kaɗai gare ta. Ni kuwa har yau ban san abin da nake nema ba. Don Allah ka koma."

"Ki ce ba kya sona, sai in koma."

Jirgi ya iso. Ta ɗauki jakarta. Ta shiga ita kaɗai, ta zauna ɓangaren da ba a ganin dandamali, don kada ta san ko ya ɗaga mata hannu.