Ƙwallon da Na Wanke

Ina 'yar shekara takwas a unguwar Tremont, can ƙasar waje, tsohon Baturen da muke haya a gidansa ya ara mini wani ƙwallon besbol, irin ƙaramin nan da ake bugawa da sanda, in nuna a makaranta. Na mahaifinsa ne, wanda ya buga wa wata ƙungiya kafin yaƙin duniya na biyu, a shekarar da kowa ya zo sai ya lallasa su. Ƙwallon ya yi baƙi, duk zanen tawada.

A gidanmu ba a mayar wa babba kayansa da dauɗa. Na sa soso da sabulu na dirje shi fes.

Da Baba ya gani, sai da ya zauna. "Ke! Sunayen 'yan wasan kika wanke! In ya ce mu tashi, ina za mu?"

Muka sauka wurin tsohon, Baba na riƙe da hannuna. Tsohon ya daɗe yana jujjuya ƙwallon, Baba na ta ba da haƙuri.

Can tsohon ya ce, "Har babana ya mutu yana fatan a goge shekarar nan."

Ya yi murmushi, amma babban yatsansa na ta laluben inda sunan mahaifinsa yake a da. Wannan yatsan nake gani har yau.