Wanda Ya Toshe Ɓarakar

Harafin "e" har ya goge a madannin kwamfutar ƙungiyar 'yan kasuwar Zongo. Sati uku 'yar Alhaji tana buga umarni a baƙin allo, tana lalube rumbun sanannun ɓarakokin manhaja, har ta gano inda ɓarayi za su bi su kwashe bayanan mambobi. Ta toshe, tana fatan a ɗauke ta aiki.

Mace ba ta magana a zauren dattawa, sai yayanta ya karanta rahoton aikin da ta yi, ita tana raba shayi.

"Madalla da ɗan Alhaji," in ji shugaba. "Aikin naka ne."

Yayan ya raɗa mata, "Ƙanwata, ta ina ake kunna abin?"

Ta ajiye masa butar, ta zura takalmanta, ta fice.