Dangin Maigida

Jikar ta zaunar da Kaka a gaban mai ɗaukar hoto, ta gyara mata mayafi. Yau gidan abincinsu ya cika shekara hamsin, tana so duk garin ya ji asalinsa daga bakin tsohuwar, wadda har gobe ba ta fita daga ɗakin girki, ba ta kuma yarda kowa ya taɓa mata tukunya.

"Kaka, faɗa musu yadda kika fara."

"Fara me? Ina amarya kakanki ya shigo da mutum uku, ya ce danginsa ne, in zuba musu. Washegari suka zama goma. Da falo ya yi kaɗan, ya fasa bango, ya sayo tebura. Shi kuma ya kafa kujera a bakin ƙofa, wai yana sallamar 'yan uwa."

Jama'ar da suka taru bikin suka yi dariya. Kaka ko murmushi ba ta yi ba.

"Ban taɓa ganin dangi masu ci irin nasa ba. Har da direbobi, har da wani Bature. Na daure ne saboda zumunci."

Jikar ta matso kusa da ita. Ta rage murya ta ce, "Kaka, ai masu saye ne."

Kaka ta bi teburan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya wajen ƙofa, inda mijinta, mai shekara tamanin, ke sulalewa ko sandarsa bai ɗauka ba.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Biya suke yi?"