Farin Dutsen Filippa

Ranar Lahadi ce, cikin watan Mayu. Rana ta fito da wuri, ba iska.

Tun Juma'a mai shela ya zaga garin Roccalta da gangarsa, ya ce a ɗaure jakuna, a kulle kaji da yara, motocin tsere za su ratsa gari sau uku. Gidan Nunzio maƙeri kaji kawai aka kulle. Shekara ashirin da huɗu da aurensa da Filippa, ba su samu haihuwa ba.

Shekara huɗu ke nan, duk jajibirin tsere Filippa takan ɗauki bokitin farar ƙasa ta shafe wani dutse a bakin hanya, taku ɗari kafin muguwar kwanar da ke ƙasan gidansu. Direbobin da ke zuwa daga arewa ba su san amfaninsa ba, tun daga nesa suke rage gudu. Liborio kaɗai, mai jar mota lamba tara, yake shigowa da wuta har sai ya ga farin dutsen, sannan ya taka birki. A wurin yake cinye su. In ya fita kwanar sai ya ɗaga hannun hagu ga barandar da Filippa take tsaye.

Nunzio ya taɓa tambayarta dalili. Ta ce ba ta so wani ya mutu a ƙofar gidanta. Ba ta ƙara ba, shi ma bai ƙara ba.

Amma a shagon aski ba a barin magana ta kwanta. Ranar Asabar, Nunzio yana kan kujera da kumfa a fuska, Cono mai aski ya ce, "Mastro Nunzio, bangon gidanka ya shekara goma bai ga fari ba, amma dutse kullum kamar ango."

Wani ya ce Nunzio ya sayar da maƙerar ya sayi mota, ko Donna Filippa ta dube shi. Aka yi dariya. Nunzio ya ce shi ba ya haɗa kansa da Liborio, ɗan tsintuwa, wanda aka ajiye a ƙofar gidan marayu na garin Cefalù, ko sunan ubansa bai sani ba. Ya goge fuskarsa da kansa, ya fita, rabin gemu ba a aske ba.

Shekarun Filippa arba'in da huɗu. Har yanzu in ta bi ta dandali, maza suna barin kartarsu su duba. Shi kuma yaron, Liborio, kwata-kwata ashirin da shida, mata suna rubuta sunansa a bango da gawayi. Nunzio bai taɓa ganin fuskarsa ba sai cikin hular fata da tabarau da ƙura.

Da Filippa ta tafi coci da safiyar Lahadin, ya ɗauki ƙarfen ɓamɓara da hannunsa na hagu, wanda yake dukan ƙarfe da shi, ya gangara. Ya ciro dutsen, ya mirgina shi taku talatin kusa da kwanar, ya zaunar da shi, ya share sawun da reshe. Ya gaya wa kansa ba kisa yake nufi ba. So yake yaron ya faɗa gonar wake a gaban kowa, a gabanta.

Wajen ƙarfe goma aka fara jin ruri daga kan tsauni. Shuɗiyar mota ta wuce, fara ta wuce. Sai ja.

Ta wuce inda dutsen yake a da ba ta rage ba. Da birkin ya kama, hanya ta riga ta ƙare. Motar ta juya, ta tsallake gonar wake gaba ɗaya, ta daki itacen zaitun.

Maza suka ruga. Nunzio na cikin huɗun da suka ɗauko shi a kan ƙyauren wani gida. Ƙafa ta karye, ƙirji ya lotsa, amma yana numfashi. Da aka cire masa hular da tabarau, Cono ya dubi yaron, ya dubi Nunzio, ya ga kamar an tsaga kara, ya kawar da kai. Aka sa shi a babbar mota, aka nufi asibitin Cefalù.

Filippa ba ta yi kuka ba. Da la'asar ta gangara ita kaɗai, ta tsaya a kan ramin da dutsen ya bari, ta daɗe. Da ta dawo ta sami Nunzio zaune a bakin maƙera.

Ta ce, "Sati biyu bayan an ɗauke ka soja, babana ya kai ni wurin gwaggo a Cefalù. Wata takwas na yi, a can na haihu. Ka dawo muka yi aure, ba ka taɓa tambaya ba."

Ya ce me ya hana ta faɗa.

"Kai? Da wa za ka ce na yi cikin?"

Ta shiga ta rufe ƙofa.

Washegari da safe ya aske sauran gemunsa, ya sa baƙar kwat ɗinsa, ya taka har Cefalù da ƙafa. Sistar da ke ƙofar asibiti ta ce dangi kawai ake bari, shi kuma maras lafiyar ba shi da kowa. Nunzio ya cire hularsa, ya ce ta je ta gaya wa yaron ubansa ya zo.